Wadda Za Ta Wanke Goggo

A wurin sunan ɗan wata maƙwabciyarmu Goggo ta yi maganar, tsakar gida cike da mata, ana cikin rabon fura. Wata tsohuwa ce ta tsokano zancen mutuwa, yadda tsofaffi kan yi in ciki ya ɗauka, sai Goggo ta aje ludayi ta ce, "Ni dai ku zan shaida. Ran da Allah yak karɓi abinai, Tsahara ta za ta yi mani wanka. Kar kowa shi taɓa ni in ba ita ba."

Mata suka ce wallahi ta iya zaɓe. Asabe, tsohuwar da katangarmu ɗaya da ita, har da ƙarawa, wai ko da girgiza kurna ta fi magarya. Ni kuwa magaryar ina tsugune a bayan Goggo da ƙwarya a gabana ina damu, na ci gaba da juya ludayi kamar ba da ni ake ba. Furar ranar dai ba a sami gaya ko ɗaya a cikinta ba, don a kanta na huce.

Goggo ita ta haife ni. Sunana Barira, ni ce 'yarta ta fari, kuma ni kaɗai ce mace cikin waɗanda suka rayu. Tsahara 'yar ƙanenta ce, taubashiyata ke nan. A bakin Tsahara ma na tsinci wannan suna na Goggo, don ita ce ke da ikon kiranta haka. Ni ba wanda ya taɓa gaya mini abin da zan kira ta.

Kunyar ɗan fari kowa ya san ta: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Ana yaye ni aka ɗauke ni sai Illela, wurin kakata ta wajen uba. Can na yi wayo, ina bin awaki, kaina fal ƙwarƙwata, ba mai cewa don me. Kakata mutuniyar kirki ce, amma idonta ya tafi, kuma a wurinta yaron da ya ci ya ƙoshi ya gama wanka. Sai da ta rasu aka maido ni Malbaza, na fara ƙirgar dangi, daidai lokacin da ake ta kaɗe-kaɗen samun 'yancin kai.

Na tarar da wata yarinya a ɗakin uwata, a kan tabarmar da ya kamata a ce tawa ce. Uwarta ta rasu wurin haihuwarta, Goggo ta karɓe ta tun tana cikin tsumma. 'Yar siririya ce, baƙa sumul, ƙafafunta kamar ba ƙasa take takawa ba. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta tsaya a diddigena, ta ce, "Goggo, kaushin wagga na iya kankare ƙwarya."

Goggo ba ta dube ni ba. Bango ta duba, ta ce, "A ba waccan dutse ta goge."

Waccan. Shi ne sunana a bakinta, in kuwa ta matsu ta ce "ke".

Bari in faɗi gaskiya a kan Tsahara, don ko maƙiyi ba a yi masa ƙarya. Ba ta gaida kowa da safe sai ta yi aswaki. Kafin rana ta taɓa katanga ta gama shara, kuma ba irin sharar ganin ido ba, har ƙarƙashin rumbu da bayan randa take sa tsintsiya. Randarta kullum da faifai a baki, moɗar kuwa a rataye a jikin turke, ba wanda ya isa ya kafa mata baki ya mayar da ita cikin ruwa. Sai dai ka ɗiba ka juye a wata ƙwarya ka sha. Butar bayan gida daban take da ta alwala, ta ɗaura mata jan zare a wuya don kada baƙo ya rikice. Ƙorenta da toka da yashi take dirje su, ta kife su bisa rumfa rana ta buge su. Ran Juma'a kuwa ranar fitina ce: a fid da tabarmi a shanya a kakkaɓe, a yanke farce, a yi tsifa, a zuba toka a masai. Sabulunta ma ita ke dafa abinta da tokar karan gero da man gyaɗa. Yaran unguwa in sun hango ta sai su watse, don duk wanda ta cafke sai ta share masa hanci ta wanke masa kwantsa, ko ɗan wa ye.

Duk Goggo ce ta koya mata. Wannan shi ne abin da ke tsaya mini a wuya. Abin uwata ne, gadona ne, aka juye shi kaf a hannun wata ina can Illela ina sosa kai.

Kuma ba a rasa ta da nata halin ba, sai dai mutane sun ƙi gani. Tsahara ba ta faɗa, ba ta zagi, kallo take yi. In ka miƙa mata fura, farcenka za ta fara dubawa kafin ƙwaryar. In za ta gidan biki da ludayinta take tafiya a ƙulle cikin zane. Ni na ce wannan wulaƙanci ne, mutane suka ce tsafta ce, tsafta kuwa cikon addini. Da ni ce na yi haka da tuni an ce 'yar Illela ta zo da girman kai. Wasan taubasai ne ya rufa mini asiri. Ina kiranta Agwagwa, tana kirana Uwar Ƙuda, duk abin da ke cina sai in faɗe shi da dariya, a yi shewa a wuce, ni kaɗai na san ba wasa nake ba.

Shekara ɗaya aka aurar da mu. Ni aka kai ni gidan Barmo, ita gidan Takama, zana kaɗai ta raba tsakar gidajenmu. Da aka buɗe masana'antar siminti, mazan namu duka biyu suka sami aikin loda buhuna a manyan motoci. Da la'asar sakaliya za ka gan su tafe, furu-furu tun daga gashi har yatsun ƙafa, sai muryoyinsu ke bambanta su. Amma kafin a kira magariba Takama ya fito fes, farar riga, hannu na sheƙi, sai ka ce ma'aikacin ofis ne daga buro ya taso. Barmo nawa kuwa ko ya yi wanka sai ya fito kamar an fara yaɓe an fasa, tafin hannunsa duk ya tsage. Maza na tsokanarsa a ƙofar masallaci, su ce ko dai matarsa ta yi yaji ne.

Sai na ce yau zan nuna musu. Ina da wani sabon daro mai furanni da Barmo ya sayo mini a kasuwar Konni, ban taɓa sa masa komai ba don so. Na kwashe kayan aikinsa, riga da wando da tsumman da yake ɗorawa a kafaɗa, ban ko zazzage aljihun ba, na danna su ciki na zuba ruwa ɗan daidai. Na ce su kwana a jiƙe dauɗar ta yi laushi, yadda muke yi wa kayan gona in sun sha laka. Da gari ya waye na je na ɗaga riga, sai daro ya biyo ta. Da ƙyar na ɓamɓare wandon, ya fito ƙandas kamar ƙirgi, har na jingina shi da katanga ya tsaya da ƙafarsa. Barmo ya yi dariya har ya sarƙe, ya tafi aiki da rigarsa ta Juma'a, kafin hantsi labari ya gama Malbaza.

Tsahara ta zagayo, Goggo na biye da ita. Ta tsuguna ta ƙwanƙwasa gindin daron da yatsa, ta ce, "Uwar Ƙuda, gini kika so ki yi muna? Siminti ba laka ba ne. Busasshe aka kakkaɓe shi da sanda, can waje. Sannan ki ɗauraye maza-maza da ruwa mai yawa ki zubar, kar ki bari shi kwanta. Shi ma mai gidan, shi goge jikinai da busasshen tsumma kahin ruwa shi taɓa shi, in ya gama ki ba shi man gyaɗa shi shahe hannu."

Goggo ta kalli wandon da ke tsaye, ta kalli ƙasa, ta ce da Tsahara, "Koya mata."

Da ma mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Daron nan kaji suka gaje shi, a ciki suke shan ruwa. Ba a daɗe da wannan ba aka yi sunan da na faɗa, inda Goggo ta zaɓi mai yi mata wanka gaban duniya.

Tun daga ranar na ɗaura ɗamara. Ba don lada ba, ba don lafiya ba, don Tsahara. Na sami wata 'yar kafa a jikin zana, ta nan nake karatu. Ta rataye moɗa, na rataye. Ta ɗaura wa buta jan zare, na ɗaura wa tawa baƙi don kada a ce kwaikwayo ne. Sabulu na farko da na dafa ya saluɓe mini fatar hannu, na biyu ya ƙi daskarewa, a hankali dai na kama kansa. 'Ya'yana suka sha dirza har suna kuka suna kiran ubansu. Barmo ya ce gidansa ya koma gidan likita, mutum ba shi da ikon tofar da yawu sai ya nemi izini. Na lura idanun yaran sun daina mannewa da safe, zawon da ke bin su kowace damina ya ja baya, hannun Barmo ya warke. Na gani, na kuma ji daɗi, amma ba shi nake nema ba. Abin da nake nema kalma ɗaya ce daga bakin tsohuwa ɗaya.

Me mutane suka ce? Suka ce, "Kai, zama da maɗaukin kanwa! Barira ta ɗauko halin Tsahara." Wato gumina ma ita ya ƙara wa suna. Na kai wa Barmo ƙara, yana kishingiɗe yana sakace, ya ce, "To ai kin ji abin da Hausawa ka cewa, hassada ga mai rabo taki ta." Ranar tuwonsa ba man shanu.

Sai shekarun nan suka zo da sama ta ƙi zubar da ruwa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, Fulani da Buzaye suka gangaro da ragowar dabbobinsu suna zubewa a bakin hanya, rijiyoyi suka ja ƙasa har sai an ƙara wa guga igiya. Mace ta wuni a bakin rijiya ta dawo da tulu ɗaya, rabinsa laka. Mata da yawa suka jingine wanka, ban kuma ga laifinsu ba. Suna yi wa Tsahara ba'a, wai wanka da gari ma bai yi maganin yunwa ba balle da ruwa. Ita kuwa ba ta fasa ba. Ta tace ruwan da farin ƙyalle, ta bari ya kwanta, ta ware na sha. A ƙwarya ɗaya za ta wanke wa yara ido da hannu, sannan ta tsayar da su cikin daro ta bi jikinsu da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ya taru a daron shi za ta wanke tufafi da shi, abin da ya rage ta yayyafa a daɓe ta yi shara. Ta rame ta zama kamar kara, zane na zagaya ta har ya wuce, amma zanen nan fes yake. Ni ma ta kafar zana na ɗauke wannan dabara, da ita na fid da 'ya'yana.

A cikin shekarun ne ƙyanda ta ɗauke wa Tsahara ɗanta namiji, shi kaɗai gare ta cikin mata. Na ga ta wanke 'yar rigarsa da ruwan da ya kamata ta sha, ta shanya, ta ninke, ta sa ƙarƙashin matashi. Wallahi na yi mata kuka na gaskiya, kishin ma ya kwanta mini. Amma da na shiga ɗakinta yi mata ta'aziyya, sai na tarar da kanta a cinyar Goggo, Goggo na shafa mata baya tana cewa, "Yi shiru, ɗiyata, yi shiru." Ni da nawa jaririn ya rasu a baya, a bakin ƙofa ta tsaya, ta ce da dokin ƙofar, "A yi haƙuri." Na fito daga ɗakin nan ina jin kunyar kaina, ina kuma jin abin ya tashi zaune daram. Har makoki sai da na yi kishinsa.

Bayan soja sun karɓi mulki, ruwa ya dawo, uban Takama ya rasu, suka tattara suka koma Tsarnawa ya riƙe gonar gidansu. Tsahara ta kafa 'yar sana'ar sabulu a bakin babbar hanya, direbobi na tsayawa musamman don ita. Na raka su har mota ina ta addu'ar Allah ya kiyaye hanya, zuciyata fari ƙal. Na ce yanzu Malbaza ta zama tawa.

Ba a rufa shekara ba Goggo ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Babanmu ya riga ya rasu, ƙannena maza suna can Konni wajen neman abinci, don haka na ɗauko ta na kawo ɗakina. Wanda bai yi jinyar mai kwanciya ba bai san tsafta ba, ado kawai ya sani. Na zuba yashi mai laushi ƙarƙashin tabarmarta, ina kwashewa ina sakewa. Ina juya ta dama da hagu don kada bayanta ya ɓalle, in goge ta da ruwan ɗumi, in bi kowane lungu na jikinta da man gyaɗa. Tsummokaranta ba sa kwana ba a wanke ba. In goge mata haƙora da aswakin da na tauna mata ya yi laushi, in yanke farce, in tsefe kai in kitse. Duk sa'ad da na ɗaga zanenta sai ta juya fuska bango ta runtse ido, ni ma in kau da kaina, hannuna kaɗai ke gani. Bakinta ya karkace amma tana magana. Abin da nake samu dai shi ne, "Ke, ruwan ya yi zahi," ko "Ke, ya isa."

Tsahara kan biyo motar siminti ta zo dubiya jifa-jifa, da sabulu da ƙullin ƙuli-ƙuli. Tana shiga ɗakin sai in ga hancinta na motsi, tana neman wari. Ba ta samu, ba ta kuma yabawa. Sai in fita in ba su wuri, ina jiyo su ƙus-ƙus, har da 'yar dariyar Goggo wadda ni ban taɓa jawo ta ba.

Wata rana ina yi mata kitso, tana jingine da gwiwata ta ba ni baya, na ga ba ido a tsakaninmu, sai na yi ƙarfin hali. Na ce, "Maganag ga da anka yi wurin suna, ta wanka, har yanzu tana nan?"

Ba ta juyo ba. Can ta ce, "Tana nan."

Na ƙarasa kitson. Hawayena na sauka cikin furfurarta ina shafe su da mai don kada ta ji.

Da bazara Goggo ta cika, da hantsi, bayan na ba ta kunu ta sha kaɗan. Barmo ya ruga bakin hanya ya tare wata motar siminti mai zuwa Konni, ya roƙi direban ya tsaya Tsarnawa ya gaya wa mai sabulu. Maza suka tafi haƙar kabari. Rana ta buɗe da irin zafin nan da ko ƙadangare ke neman inuwa, liman ya aiko a ce ba a jinkirta gawa a irin wannan yanayi, da an yi azahar za a sallace ta. Asabe, ita dai mai kurna da magarya, ta kira ni gefe ta ce, "Barira, wasiyya wasiyya ta, amma hanya ba ta hannunmu. In anka kira salla ba ta iso ba, ke za ki yi. Ɗora ruwa."

Na ɗora ruwa. Na zaga bayan gida na tsinko ganyen magarya da ake sa wa ruwan wankan gawa, ƙaya na sukata ban ji ba. Ina tsinka ina kuka, ina kuma roƙon Allah, a fili nake faɗa, ya sa tayar motar da za ta ɗauko Tsahara ta yi faci, kada kowa ya ji ciwo, ta dai yi faci. Ruwa ya yi ɗumi. Aka kafa zana a kewaye, aka shimfiɗa Goggo a ciki, aka aje likkafani a gefe. Ladan ya yi gyaran murya. Na naɗe hannuna da farin ƙyalle, na durƙusa a gefen damanta.

Sai na ji ƙahon mota a bakin hanya.

A bayan wata motar siminti da ta sauke kaya ta dawo aka ɗauko Tsahara, ita kaɗai, iska na ta kwaso ragowar garin tana watsa mata. Ta shigo gida furu-furu, har gashin ido, hawaye sun yi mata hanya biyu a fuska. Tun da nake ban taɓa ganin dauɗa a jikin Tsahara ba sai ranar. Na dube ta tun daga sama har diddige, yadda ta taɓa yi mini, kuma a tsakiyar wannan baƙin ciki sai da na ji wani ɗan sanyi a raina.

Daga waje maza na cewa a hanzarta. Tsahara ta dubi hannuwanta ta ce, "Ba ni taɓa Goggo da hannun ga. Su jira."

Suka kuwa jira. Ta shiga bayan ɗaki ta kakkaɓe jikinta a bushe, ni na miƙa mata tsumma, na ɗebar mata daga ruwan da na ɗora, na ba ta sabuluna da zanena na Juma'a. Sannan na kwance ƙyallen da ke hannuna na ba ta. Ta naɗa. Ta ce, "Ke za ki zuba mani."

Muka shiga mu biyu, Asabe na tsaron bakin zana. Tsahara ta yi bisimilla. Ko a nan halinta bai bar ta ba: ta duba bayan kunne, ta duba ƙarƙashin farce, ta tallafo kafaɗa ta duba gadon baya da kwankwaso, inda masu doguwar kwanciya ke ɓallewa. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Duk daɗewag ga, ba gyambo ko ɗaya. Barira, ba ki bar mani aiki ba."

Na ce, "To mi kinka zo yi?"

"Abin da tas sa ni. Zuwana na ƙarshe tac ce mani hannunki ya san ɗuminta, kar in bari shi san sanyinta."

Maganar ta shige ni, amma ban sakar mata ba. Na ce, "Wanga na bayan ciwo na. Wurin suna hwa, tana da lahiyatta?"

"Ke ma kin sani. So kike ta kama sunan ɗiyat hwari gaban mata?"

Na ci gaba da zuba ruwa tana bi da hannu, dama kafin hagu. Muka gangaro har ƙafafu. Ta ɗaga diddigen Goggo a tafinta, ya yi sumul don ni ke goge shi. Ta ce, "Nan taka tsare ni da dutse ina ƙarama, tana dirza ina kuka. Ta ce, 'Ɗaga ƙahwa, Barira.' Sai ta yi tsit, ta waiga ko wani ya ji."

Na ce, "Mi tac ce?"

"Barira. Wurin wanka, wurin kitso, in tana yanke mani akaihwa. Ba ta sanin ya hito. Lokacin ban ko san wa aka kira haka ba, kina can Illela. Har nis saba, ina amsawa."

Ƙwaryar ta karkace a hannuna, ruwa ya kwarara gefe. Tsahara ta sa gwiwar hannu ta tare ta, ta ce, "Zuba sannu, kina jiƙa likkahwani."

Na zuba sannu. Muka gama, muka shafa mata turare, muka naɗe ta, maza suka shigo da makara.

Tsahara tana nan Tsarnawa har yanzu da sabulunta, ta fara furfura, yaran can ma gudunta suke. Ranar kasuwa nakan biya mata, ta duba farcena, in duba nata, mu sha fura kowa da ludayinsa. Sau ɗaya na roƙe ta ta faɗa mini sunan yadda Goggo ke faɗinsa. Ta gyara murya ta gwada, ta sake gwadawa, na ce ta bari, ba shi ba ne.

Na yafe mata tabarmar, na yafe mata cinyar, wankan ma na yafe. Amma uwata ta yi shekaru tana kiran sunana da bakinta, wata ce ke amsawa, ni ko sau ɗaya bai shiga kunnena ba. Wannan kam ina kishinsa, kuma da shi za a wanke ni.